Wa Ke Zuwa Lugard Hall A Madadinmu?

A wannan fitowa muna so mu yi magana ne a kan wani gini wanda kusan duk mai shiga Kaduna ya taɓa wucewa ta gabansa a mota, amma kaɗan ne daga cikin mutanenmu suka taɓa sa ƙafa a ciki, wato Lugard Hall, inda Majalisar Dokokin Jihar Kaduna take zama. Ra'ayinmu shi ne, ya kamata kowace gundumar ikkilisiya ta sami mutanen da suka san hanyar ginin nan, suna zuwa a ranakun da ba a rigimar kome, da takarda a hannu, tun kafin wata doka ta fito ta same mu a gida.

Ginin ya girmi yawancin masu karatunmu. A zamanin Turawa aka gina shi, aka sa masa sunan Gwamna Lugga, a nan ne kuma majalisar wakilai da majalisar sarakuna ta Jihar Arewa suka riƙa zama, lokacin da Kaduna take hedkwatar Arewa duka, daga Sakkwato har Makurɗi. Tsofaffinmu ba su ji tsoron ƙofarsa ba. Fasto David Lot, mutumin Panyam, ɗaya daga cikin fastocin farko da aka naɗa a ikkilisiyar da yau ake kira COCIN, ya zauna a majalisar Arewa cikin shekarun 1950, ya kuma shugabanci ƙungiyar Middle Zone League mai neman haƙƙin ƙananan ƙabilu. Da Ingila ta kafa hukumar Willink a 1957 domin ta saurari fargabar marasa rinjaye kafin mulkin kai, ikkilisiyoyi da ƙungiyoyin ƙabilu sun rubuta takardu, sun kuma je sun ba da shaida. Hukumar ba ta ba su sababbin jihohin da wasunsu suka nema ba, amma a rahotonta na 1958 ta ba da shawara a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki, aka kuwa rubuta. 'Yancin addini da yau muke kafa hujja da shi a sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, asalinsa ke nan. Mutanen da suka jawo shi ba su da waya a aljihu, yawancinsu ma iyakar karatunsu makarantar mishan, amma sun san inda ake kai magana.

Yau fa? Majalisar tana da wakilai 34 daga ƙananan hukumomi 23, kuma tsarin mulki ya wajabta mata zama na aƙalla kwana 181 a shekara. Ita ce take amincewa da kasafin kuɗin jiha, wanda a cikinsa ake yanke ko za a gyara hanyar ƙauyenku bana ko sai wata shekara, ko asibitin shan magani zai sami ma'aikaci, ko makarantar firamare za ta sami rufi. Ita ce take tantance kwamishinoni. Dokokin ƙananan hukumomi, da na masarautu, da na makarantu, da na haraji, da na tsarin gine-gine a birane, duk daga zaurenta suke fitowa. Tana da ikon kiran kowane jami'in gwamnatin jiha ya zo ya yi bayani a kan yadda ya kashe kuɗi. Ko tsarin mulkin ƙasa ma ba ya gyaruwa sai majalisun jihohi 24 daga cikin 36 sun yarda. Mutanenmu sun fi sanin sunan sanata da na minista, alhali kuwa dokar da take taɓa filin majami'a da makarantar 'ya'yanmu ba a Abuja ake yin ta ba.

Mun san abin da wasu dattawa za su ce: ai majalisar jiha 'yar amshin shatan gwamna ce, abin da ya aiko shi ake sa wa hannu, to me za a je yi? Akwai gaskiya a maganar, ba za mu musa ba. Amma ikon yana nan a rubuce, kuma an taɓa ganinsa a fili. Wannan majalisa ce ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Balarabe Musa, saboda shi ɗan PRP ne su kuwa masu rinjaye 'yan NPN ne, har ta tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981. Shi ne gwamnan farar hula na farko da aka tsige a Nijeriya. A maƙwabciyarmu Kano, majalisar jiha ta raba masarautar Kano gida biyar a watan Mayun 2019 cikin 'yan kwanaki, wata majalisar kuma ta soke wannan rabo a watan Mayun 2024, ita ma cikin gaggawa. Ko mutum ya ce gwamnoni ne suka tura su, darasin bai canza ba. Hannun da zai iya raba masarautar da ta yi ɗaruruwan shekaru cikin mako guda, ba hannun da za a juya wa baya ba ne. In ma majalisa tana jin muryar mutum ɗaya kaɗai, wani ɓangare na dalilin shi ne muryarsa ce kaɗai take isa wurinta kullum.

Akwai abubuwa biyu a tarihinmu na kusa da ya kamata mu duba da natsuwa.

Na farko yana da zafi, amma dole a faɗe shi. Bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoban 1999, majalisar Kaduna ta kafa kwamiti a ƙarshen wannan shekara domin ya tattara ra'ayin jama'a a kan batun. Masu goyon baya sun yi ta zuwa ƙungiya ƙungiya suna miƙa takardunsu. Shugabannin Krista da yawa sun ƙi bayyana gaban kwamitin, domin a ganinsu an kafa shi da son kai, kuma suna da dalilansu. Ranar Litinin, 21 ga Fabrairu, 2000, aka fito zanga-zanga da dubban mutane domin a kai kuka ga majalisa da gidan gwamnati. Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta ƙidaya rayuka fiye da 1,000, Krista da Musulmi, wasu masu bincike kuwa sun ce adadin ya ninka haka. Aka sake wani tashin hankalin a watan Mayu. Ba mu kawo wannan domin mu ɗora wa waɗanda suka fito laifi ba, gama fitowa cikin lumana haƙƙi ne, jinin da aka zubar kuwa yana wuyan waɗanda suka zubar da shi. Abin lura shi ne inda maganar ta ƙare. A watan Nuwamban 2001, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, aka fara aiki da tsarin kotunan shari'a domin Musulmi, da kotunan al'ada domin waɗanda ba Musulmi ba, ga kuma kotunan majistare. Wannan sulhu da dokoki aka kafa shi, dokokin kuwa ta wannan zaure suka bi. Ashe bayan duk makoki, sai da aka koma kan tebur da takarda.

Rikicin ya bar wani tabo da ba a cika ambatonsa ba. Tun daga 2000 garin Kaduna ya rabu, Krista da yawa suka tattara suka koma kudancin kogi, Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi, Lugard Hall kuwa yana arewacin kogi. A hankali sai ginin ya zama kamar na "can ƙetare" a zuciyar yaran da suka tashi bayan haka. Wannan tunani yana da haɗari. Da harajin mai sayar da doya a Kafanchan da na mai sayar da barkono a Ikara ake biyan wutar ginin nan da albashin masu zama a cikinsa.

Na biyu shi ne ƙudurin dokar wa'azi. A 2016 Gwamna Nasir El-Rufa'i ya aika wa majalisa ƙuduri domin maye gurbin dokar da gwamnatin soja ta kafa a 1984, bayan rikice-rikicen Maitatsine. Ƙudurin ya nemi mai wa'azi ya riƙe lasisi na shekara guda, ya taƙaita amfani da lasifika bayan ƙarfe 8 na dare, ya kuma sa tarar Naira 200,000 ko ɗaurin shekara biyu. An yi ta magana a bagade da gidajen rediyo, wasu malaman Musulmi ma sun nuna rashin yarda. Daga nan ƙura ta lafa, jama'a suka koma harkokinsu, da yawa suka ɗauka maganar ta mutu. Ƙudurin kuwa yana nan kwance shekara uku. A watan Yunin 2019, ana gab da rushe majalisar saboda wa'adinta ya cika, sai aka zartar da shi. Ƙungiyar ikkilisiyoyin Fentikos, PFN, wadda ta riga ta kai ƙara, ta sami hukunci daga Babbar Kotun Jiha a cikin watan, cewa tilasta wa fastocinta lasisi ya saɓa wa tsarin mulki.

Abu biyu muka gani a nan. Abin da aka zartar a 2019 ya bambanta da abin da aka kawo a 2016: an kafa majalisar haɗin gwiwar addinai, lokacin hana lasifika kuma ya koma daga ƙarfe 11 na dare zuwa 4 na asuba. Wato ƙuduri yana canzawa a hanya idan an matsa, ba a sassaƙe yake a dutse ba. Amma kuma ranar da aka zartar da shi, labarin ya zo wa yawancin ikkilisiyoyi kamar saukar aradu. Shekara uku ba gajeren lokaci ba ne. Da a ce kowace gunduma tana da mutum biyu masu leƙa majalisa, da an san ranar da ƙudurin ya motsa. Kotu tana da amfaninta, mun gode wa waɗanda suka ɗauki nauyin shari'ar, sai dai kuɗin lauya na wata guda ya isa kuɗin motar wakilanmu na shekaru.

To, yaya doka take tafiya? Ba wani asiri ba ne. Ana gabatar da ƙuduri a yi masa karatu na farko, wanda sanarwa ce kawai. A karatu na biyu ake muhawara a kan manufarsa, sannan a miƙa shi ga kwamiti. A nan ne ƙofar jama'a take, gama kwamiti yakan kira zaman jin ra'ayin jama'a, inda ƙungiya ko mutum ɗaya zai iya miƙa takarda ya kuma yi bayani da baki. Bayan kwamiti ya kawo rahoto, a bi ƙudurin sashe sashe, a yi karatu na uku, a aika wa gwamna. Yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kuwa, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa za su iya mai da shi doka ba da hannunsa ba. Wanda ya zo bayan karatu na uku ya zo jana'iza ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ban da wannan akwai takardar koke. Kowane ɗan jiha yana iya rubuta kukansa, a bi ta hannun wakilin mazaɓarsa a gabatar a zaure, a miƙa wa kwamitin koke-koken jama'a. Akwai kuma wurin zaman baƙi, inda ɗan ƙasa yake zama shiru ya saurari muhawara. Kada wani ya raina zaman shirun nan. Ɗan majalisar da ya ɗaga kai ya hango dattawa biyu daga mazaɓarsa da littafi da biro, ba zai yi barci ba ranar, ba kuwa zai ce "na goyi baya" ga abin da bai karanta ba. Turanci ma kada ya tsorata kowa. Sashe na 97 na tsarin mulki ya ce da Turanci majalisar jiha take aiki, amma ya ba ta dama ta ƙara da wani harshen da ake yi a jihar in ta amince. Takarda dai a rubuta ta da Turanci mai sauƙi, a ajiye kwafinta da Hausa domin a karanta wa jama'a kafin su sa hannu, kada kowa ya dangwala yatsa a kan abin da bai ji ba.

Muna da magana ta musamman ga 'yan'uwanmu na ƙananan ikkilisiyoyi a Giwa da Maƙarfi da Kudan da Ikara da Soba da Kubau, inda masu bi ba su da yawa, kuma da wuya a zaɓi ɗayansu zuwa majalisa. Sau da yawa mukan ji ana cewa, "Ai mu ba mu da wakili." Kuna da shi. Wanda ya ci zaɓen mazaɓarku wakilinku ne, ko Musulmi ne, ko ba ku jefa masa ƙuri'a ba, ya kuma yi rantsuwa zai kiyaye tsarin mulkin da ya hana nuna bambanci saboda addini a sashe na 42. Ku je ku gaishe shi yadda ake gaida manya, ku gabatar da kanku, ku bar masa takarda. In maganar malamin darasin addinin Krista ce a makarantar gwamnati, ku rubuta sunan makarantar, da yawan yaran, da shekarun da aka yi babu malami, ku kuma tuna masa cewa sashe na 38 ya hana a tilasta wa yaro koyon addinin da ba nasa ba. In maganar filin maƙabarta ce ko takardar izinin gini, ku haɗa da kwafin wasiƙun da kuka riga kuka rubuta da ranakunsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya nuna wurin da yatsa kafin mai gyara ya hau. Wataƙila ya share ku a karo na farko. Ku koma. Takardar da aka buga wa hatimin karɓa ba ta ɓacewa kamar maganar baki, kuma ranar da ya dawo neman ƙuri'a za ta yi muku amfani.

Masu cewa wannan ba aikin mai bi ba ne, su buɗe Littafin Ƙidaya sura 27. 'Ya'yan Zelofehad mata biyar, Mala da Nuwa da Hogla da Milka da Tirza, mahaifinsu ya rasu bai bar ɗa namiji ba, bisa ga tsarin da ake bi kuwa gādonsa zai fita daga gidansa. Ba su zauna a tanti suna gunaguni ba, ba su kuma tara jama'a su yi bore ba. Sun je inda Musa da firist da shugabanni suke zama, suka faɗi ƙararsu a taƙaice da hujjarta, Ubangiji ya ce suna da gaskiya, aka kafa ƙa'idar gādo sabuwa domin dukan Isra'ila. Iyayenmu na Zumuntar Mata su lura, mata ne suka yi wannan. Manzo Bulus ma, da aka ɗaure shi za a yi masa bulala a Urushalima, ya kafa hujja da haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma. Addu'a domin masu mulki umarni ne, muna kuwa yin ta kowace Lahadi, amma zai yi kyau mai addu'ar ya san sunan wanda yake yi wa, da abin da ke gabansa a wannan mako.

Ga wani abin da ke ɓata mana tafiya, sai a yi haƙuri da mu. A wurare da yawa, ba a tuna ɗan majalisa sai ranar ƙaddamar da asusun gini ko bikin godiyar kaka, a aika masa kati, a ba shi kujerar gaba, ya yi alkawarin bandir ɗin kwano ko buhunan siminti, a yi masa guɗa. Bakin da ya roƙi siminti jiya yana jin nauyin tambayar "yaya ka jefa ƙuri'a a kan dokar nan" yau. 'Yan siyasa sun san haka sarai, shi ya sa kyautar ta fi musu sauƙi. Shawararmu ita ce waɗanda za a aika majalisa kada su zama su ne masu neman gudummawa, kada kuma su zama masu riƙe da muƙami a wata jam'iyya. Tsohon malamin makaranta, ko ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ko matashin da ya gama karatu yana jiran aiki, irinsu ake bukata: masu haƙurin zama, masu iya rubutu, waɗanda ba sa ƙara gishiri a labari.

Kada kuma a je da maganar majami'a kaɗai. Gadar da ruwa ya cinye, da taki da ba ya isowa sai an gama shuka, da masu garkuwa da mutane da suka hana noma, ba su tambayi addinin kowa ba. A irin waɗannan, a nemi liman da mai unguwa a sa hannu tare. Takardar da fasto da liman suka sa wa hannu tana da nauyin da ba ɗan majalisar da zai iya turawa ƙarƙashin fayil, kuma wanda aka saba gani yana magana a kan rijiyar gari duka, an fi saurarensa ranar da ya zo da maganar filin majami'a.

Wajen ƙarshen shekara ne gwamna yakan kai kasafin kuɗi gaban majalisa, kwamitoci su shiga kiran ma'aikatu ɗaya bayan ɗaya. Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan batu a ajandar taronta na gaba, ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, kafin lokacin. Aikinsu na farko shi ne su je ofishin Akawun Majalisa su tambayi ranakun zama da ƙa'idar shigar baƙi, su tafi da katin shaida, su nemi sunayen shugabannin kwamitin ilimi da na lafiya da na koke-koke. Gundumomin da ke nesa, kamar Sanga da Kaura da Birnin Gwari, za su iya haɗa kai da wata ikkilisiya a cikin garin Kaduna ta riƙa leƙa musu tana aiko da labari. Kuɗin mota a fitar daga asusun gunduma, a rubuta shi a littafi kamar kowane kashe kuɗi, in sun dawo kuma a ba su minti biyar lokacin sanarwa ranar Lahadi su faɗa wa jama'a abin da suka ji.